Ilimin Ruwa Ba Shi Da Takardar Shaida

Kogin Kwara sau biyu yake cika a ƙasarmu kowace shekara. Na farko farin ruwa, wanda ke zuwa da damina, daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da laka da yayi da duk abin da gulaben Sakkwato da Rima da Ka suka kwaso. Na biyu baƙin ruwa, shi kuwa sai an kawar da amfanin gona, hunturu ya kama, sannan yake isowa. Ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini tun da damina, ya shiga fadamun Mali ya bazu, ya kwanta ya tace, ya yi watanni a hanya kafin ya iso mana garau. Ba a sama ake ganin alamar zuwansa ba, domin a lokacin ko gajimare babu. A jikin ruwan ake gani.

Ni na iya ganinsa. In na tsaya a mashayar ƙauyenmu da ke ƙasar Shanga, na dubi launin ruwa, na dubi inda ya kai a jikin burgu, na tsoma hannu na ji sanyinsa, zan gaya maka ko baƙin ruwa ya iso ko da saura, kuma ko hawa yake yi ko ya fara ja. Na iya jefa birgi ina tsaye cikin kwalekwale. Na iya ɗinke taru in kututture ya yaga shi. Na iya nutso in ɗauko abin da ya faɗa ƙasa. Amma abincina ba a ruwa yake ba. Aikin lissafin kuɗi nake yi a wani ofis a Birnin Kebbi, daga safe zuwa la'asar ina gaban kwamfuta, kuma tun da na kama aiki ba a taɓa buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan a wurina ba. Takardar neman aiki tana da gurbin da mutum zai rubuta abin da ya ƙware a kai. A nan ake rubuta kwamfuta, da tuƙin mota, da Turanci. Babu mai rubuta cewa ya san ruwa.

Ba ni kaɗai ba ne. Kusan duk ɗan ƙauyen da boko ya kai birni yana ɗauke da irin wannan kaya. A ofishinmu akwai wanda zai dubi sawun shanu ya gaya maka jiya suka wuce ko yau. Akwai wadda ta iya kaɗi, har yanzu mazarin kakarta na cikin akwatinta. Akwai dattijon da ke rubuta ajami mai kyan gaske, ga shi duk wasiƙar da ke fita daga hannunsa da boko take fita. In hira ta kawo mu kan haka, sai ka ji murya ta sauka, mutum ya ce, “Ai abin da ne, yanzu wa yake ta wannan?” Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kuma ban yarda da ita duka ba. Wani abin lalle ya wuce, Allah ya raka taki gona. Wani kuwa bai wuce ba. Mu ne muka daina ƙirga shi cikin ilimi domin babu makarantar da ke ba da takardarsa. Haɗa su biyun da muka yi a buhu ɗaya muka jefar, shi ne yake cin rayukan mutane a tafkin Kainji.

Wurin kawuna na koyi sanin ruwa, yayan mahaifiyata. Su mutanen gungu ne, Gungawa. Mahaifina kuwa daga Shangawa ya fito. In aka ba da hutun makaranta, can ake tura ni. Kawu ba ya koyarwa da dogon bayani. Wata safiya mun gangara ƙasa da Yelwa, ta ɓangaren Ngaski, ni a gaba shi a baya yana riƙe da filafili, sai ya daina tuƙi ya ce, “Kai ɗan nan, me ka gani can?”

Na ce, “Ruwa ne, Kawu.”

Ya ce, “Sake dubawa.”

Na ƙura ido har ya fara yi mini yaji. Iska na kaɗawa kaɗan-kaɗan, fuskar ruwa duk ta yi ƙananan yamutsi suna tafiya gefe guda. Can sai na lura da wani ɗan wuri, faɗinsa bai fi faifai ba, inda yamutsin yake tsaye, na kewayensa na wucewa shi yana nan. Na nuna. Ya ce, “Duk abin da ke bisa ruwa tafiya yake yi. In ka ga ya tsaya wuri ɗaya, akwai abu a ƙarƙashinsa.” Ya matsar da jirgi a hankali, ya miƙo mini gwangwala ya ce in soka. Ko kamu biyu ba ta shiga ba na ji ta daki itace, ƙarar ta biyo sandar har cikin tafin hannuna. Ya ce, “Tsamiyar bakin kasuwarmu ce. Masu hura a gindinta suke zama. In ka sa ta a hannun hagu ka miƙe wajen dutsen can, kana bisa tsohuwar hanyar kogi, babu abin da zai taɓa ka. In ka sa ta a dama, gonaki ne da itatuwa har gaɓa.”

Haka yake tafiya a tafkin nan, da ƙasa biyu a kansa: ta sama da kowa ke gani, da ta ƙasa da ruwa ya rufe. Ya san inda kuka take, inda maƙabarta take, inda rafi yake shigowa kogi a da. Wani lokaci da dare yakan tsoma filafili a ruwa ya kara kunne a jikin mariƙinsa, ya ce kurungu suna nan, yana jin gurnaninsu. Ya san tarwaɗa da damina take shiga ciyawa ta yi ƙwai, ya san giwar ruwa zurfi take so da gindin dutse, ya san lokacin da faliya ke tasowa garke-garke. Bai taɓa shiga aji ba.

Don mai karatu ya gane yadda aka yi ƙasa ta koma ƙarƙashin ruwa, sai a koma 1964, shekarar da aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji domin samar da wutar lantarki. A 1968 aka toshe kogin. Tafkin da ya taru ya haura kilomita 130 a tsawo, daga bakin madatsar har wajen Yelwa, faɗinsa kuma a tsakiya ya haura kilomita 20. Kusan mutum 44,000 aka tayar daga garuruwansu aka mayar da su sababbin matsugunai masu gidajen siminti. Tsohon garin Busa ya nutse, aka gina Sabon Busa. Babban gungun Foge ya tafi, da ƙananan gungaye masu yawa na ƙasar Yauri. A zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur aka yi wannan ƙaura. An sare itatuwa a wasu wurare kafin ruwa ya zo, amma ba ko'ina ba, kuma itace mai tauri in ya nutse ba ya saurin ruɓewa. Suna nan tsaye har gobe.

A wannan shekara wani babban ilimi ya mutu, mutuwa ta gaskiya. Kafin madatsar, tsakanin Yauri da Busa da abin da ya yi ƙasa, kogin cike yake da duwatsu da rassa da wurare masu ƙarfin gudu, kuma akwai gidajen da gadonsu ke nan, sanin ta wace kafa ake bi a wane wata. Littattafan tarihi ma sun shaida haka. Baturen nan Mungo Park, da ya biyo kogin tun daga ƙasar Mali, a Yauri jagoransa kuma tafintansa Amadi Fatuma ya sauka, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba ba tare da wanda ya san hanya ba, jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, can ya halaka a farkon 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri neman takardunsa, kuma daga Busa a kwalekwale aka hauro da su ta tsakanin duwatsu da tsibirai, mutanen kogin na tuƙi, suka iso lafiya. Waɗannan duwatsu yau suna can ƙarƙashin tafki. Wanda ya haddace kafofinsu, a damina ɗaya haddarsa ta zama labari.

To amma abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Mutanen nan ba su naɗe hannu ba. Su da suka san kogi, sai suka zauna suka koyi tafki tun daga farko, kuma tafki wata dabba ce daban. Kogi gudu gare shi, tafki kuwa iska. Hadarin farkon damina in ya taso daga gabas, kafin ka kai gaɓa igiyar ruwa ta yi tsawon da ba a taɓa gani a kogi ba. Kwalekwalen sassaƙa na maɗaci, wanda ya yi wa kakanni hidima, ya zama ƙarami a tsakiyar wannan fili, sai aka koma jirgin katako mai faɗi da tsayin baki. Ruwan kansa a kowace shekara yakan sauka kusan mita 10 in ana sakinsa a madatsar, ya sake hawa, saboda haka inda ka wuce lafiya a watan Janairu, a watan Yuni kututture ne ke jiran ka. Duk wannan a gaban idonsu suka tattara shi, da asarar jirage da ta rayuka. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an kira sanin ruwa “abin gargajiya”, kamar wani tsohon kaya da aka gada daga zamanin jahiliyya. Mafi yawan abin da Kawu ya sani game da tafkin, shekarunsa ɗaya da injinan da ke ba Nijeriya wuta.

Akwai abin da ba na kewa, kuma ba na so a yi mini kuskuren fahimta. Gungawa sun yi suna da noman albasa, kuma a da da ƙwarya ake ban ruwa. Na ga mahaifiyata da 'yan'uwanta sun wuni a sunkuye, ƙafa cikin laka, ana kamfatar ruwa ana watsawa fangali bayan fangali, har bayan mutum ya ƙi miƙuwa. Da injin ban ruwa ya zo, babu wanda ya yi kuka. Murza zaren rama a cinya don saƙa taru, wata da watanni, shi ma zaren roba ya hutar da mutane. Sassaƙa jirgi daga gungume guda, ko da akwai masu gizagon, ina manyan itatuwan? Farautar dorina da zago jarumtaka ce a zamaninta, amma dorinar ta yi ƙaranci, ayu kuwa doka ma ta hana kashe shi, kuma daidai ne. Waɗannan wahala ce da ƙarfin damtse, inji ya karɓe su, mun gode Allah.

Inda muka yi kuskure shi ne da muka ɗauka injin ya karɓe har da sanin. A da, kafin yaro ya riƙe jirgin fito shi kaɗai, sai ya yi shekaru a gaban babba yana kwarfar ruwa yana kallo. Tafiyar filafili a hankali take, tana ba ido lokacin karatu. Yanzu saurayi in ya samu mai saya masa injin Yamaha, cikin 'yan kwanaki ya iya tayarwa ya iya juyawa, shi ke nan ya zama direba, a zuba masa mutane da babura da buhunan hatsi ya nufi tsakiyar tafki. Gudun da yake yi bai barin sa ya ga yamutsin da ya tsaya wuri ɗaya, ko da an taɓa nuna masa. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Yana neman abinci ne, mai jirgi na jiran kuɗin rana, fasinja kuma kowa so yake ya riski kasuwa. Kawu in za shi tashi da kaya, sai ya zuro hannu ya auna tsakanin bakin jirgi da ruwa. In bai kai yadda yake so ba, sai ya ce, “Hajiya, yi haƙuri, a sauke buhu biyu, ko ki jira sawu na gaba.” A yi ta masa magiya, ba ya tashi. A lokacin ana ce masa mai taurin kai. Bai taɓa zubar da kowa a ruwa ba har ya ajiye filafili.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Rahotanni sun ce mutanen da ke ciki sun haura 150, da yawansu mata da yara, ga kaya. Jirgin ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Jami'ai sun ɗora abin a kan lodi fiye da kima da tsufan jirgin. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Duk wanda ke da dangi a bakin tafkin nan ya san yadda kwanakin suka kasance, waya na ta shigowa, kowa na tambayar nasa.

Su wa suka shiga ruwa a ranar da kwanakin da suka biyo baya? Masunta ne da masu nutso na ƙauyukan kewaye, a kwalekwalensu, da numfashin ƙirjinsu. Su suka san inda ruwa ke kai abin da ya ɗauka, su suka san kwana nawa yake yi kafin ya mayar. Mutanen da in sun shigo ofis a birni za a rubuta a gaban sunansu cewa ba su da ilimi, ranar nan duk mai babbar riga a gaɓa ya tsaya yana jiran abin da za su ce. Ana gama makoki kuma aka koma yadda ake.

Duniyar da muke cewa ta ci gaba ba haka take yi da irin wannan sani ba. Ƙaton jirgin dakon kaya da ya taso daga Sin ko Holan, da na'urorinsa masu magana da tauraron ɗan'adam, in ya iso bakin tashar Apapa a Legas ba ya shiga da kansa. Sai wani matuƙi na gida, ma'aikacin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Nijeriya, ya hau ya tsaya kusa da kyaftin yana nuna masa inda zurfi yake da inda yashi ya taru. Doka ce, kuma haka ake yi a manyan tashoshin duniya. Aikinsa da na Kawu iri ɗaya ne. Bambancin kawai, wancan an jarraba shi an ba shi takarda da albashi, wannan kuwa an bar shi ya tsufa da abinsa a ƙarƙashin rumfa.

Ko filafilin ma da muka ɗauka ya tafi, ya dawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka ta sake ninkawa, ƙaramin masunci ya zauna ya yi lissafi ya ga kifin da zai kamo ba zai biya man ba. Da na je gida bayan haka na tarar da injuna a jingine cikin ɗaki an rufe su da buhu, mutane sun koma tuƙin hannu. Wanda ya iya ya fita ya samo na miya. Wanda bai iya ba ya zauna, ko ya nufi ramukan haƙar zinariya.

Haka batun kifin. A shekarun 1990 wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya yi aiki a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabon Busa. Suka ƙirga jirage da taruna, suka auna abin da ake kamawa, suka tabbatar da cewa dala, babban tarun nan mai ƙananan ido da ake ja daga gaɓa don warangi, yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tun ba su tasa ba. A ƙarshen shekarun aka hana shi. Tun ina yaro nake jin tsofaffi na faɗin haka in sun ga an zube ƙananan ƙarfasa a yashi, amma maganarsu ba ta wuce gindin bishiya ba sai da masu awo suka sa ta a takarda. Su ma masu awon, da suka tashi aiwatar da hanin, ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa suka bi, domin su ne suka san wane ne ke da dala, a wane lungu yake ja, da wane dare. Kowane ɓangare ya buƙaci ɗan'uwansa. Ban ga dalilin da zai sa abin da ya yiwu a kan kifi ya gagara a kan ran ɗan'adam ba.

Akwai kuma wani abu da na iya wanda ba zan kare shi da hujjar amfani ba, domin ba ni da ita. Ina jin Shanganci kaɗan: gaisuwa, ƙirga, sunayen kayan ɗaki, da faɗan da kakata ta wajen uba take yi mana in mun shigo mata da laka. Masana harsuna sun ce daga dangin Mande yake, ɗan'uwan Kyanganci da Busanci, kuma dangi na nesa ga Bambaran Mali. Yau mafi yawan Shangawa Hausa kaɗai suke ji, sai 'yan ƙauyuka irin su Sakace ne harshen ke da sauran rai. Ba zai ceci kowa daga nutsewa ba, ba zai ƙara mini ko kwabo ba. Amma ran da na gaida wata tsohuwa da shi a kasuwar Yelwa, ta saki kwandonta ta kama hannuna biyu ta ce, “Ɗan wa ne kai? Wa ya bar maka wannan?” Muka tsaya a rana tana jero mini sunayen garuruwa da zuri'a har ta gano gidanmu. Ina riƙe da shi ne don nawa ne, kuma ina ganin wannan ma dalili ne da ya isa. Ba kowane abu ne sai ya kawo kuɗi sannan ya cancanci zama a kan mutum ba.

Wani zai ce ai ba a manta ba, ga Rigata. Gaskiya ne, bikin Rigata na Yauri, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, yana tara jama'a a bakin kogi, a yi tseren jirage, a yi iyo, samari su nuna abin da suka gada. Bikin kamun kifi na Argungu kuwa tun 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Ina murna da su, kuma na ga yadda idon yara ke haske in jiragen suka taso a jere ana kiɗa. Sai dai biki na 'yan kwanaki ne, fito kuwa kullum ne. In gwanin iyo ya karɓi kyautarsa ya koma gida, alhali makarantar firamaren ƙauyensu cike take da yaran da ke tsallaka ruwa kowane mako ba su iya ko shawagi ba, to mun yi kallo ne kawai.

Nan ne maganar ta fi yi mini zafi. Ana ɗauka duk ɗan bakin ruwa ya iya ruwa, kuma ba haka ba ne. Ƙauyukan da aka mayar tudu bayan 1968 sun haifi 'ya'ya da jikoki nesa da mashaya. 'Yan kasuwa da masu zuwa haƙar zinariya da ke cika jiragen, da yawansu daga tudu suka fito. 'Ya'ya mata kuwa da sun fara girma ake janye su daga ruwa saboda kunya, ga shi su ne suka fi yawa a jirgin kasuwa da na biki, da goyo a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai kusan mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a faɗin duniya, kuma a shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da wannan musiba. A Bangaladesh, ƙasar Musulmi mai koguna da talauci irin namu, ba su jira an gina musu wurin wanka na zamani ba. Gora suke kafawa su yi shinge a cikin kududdufin ƙauye, a horar da matasan garin, maza da mata, su koya wa yara yadda za su riƙe kansu a ruwa su kai gaɓa. Mu da muke da Sarkawa da Gungawa da Lopawa, gwanayen da ba a sayo su daga ko'ina ba, me ya hana mu? Mata su koya wa mata, a keɓe musu wuri da lokaci, babu abin da ya saɓa wa addini ko kunya a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rigunan kariya da hukumomi irin su HYPPADEC da NIWA suke rabawa abu ne mai kyau, kuma duk wanda aka miƙa wa ya ƙi sawa ya zalunci iyalinsa. Amma riga tana aiki ne bayan jirgi ya kife. Abin da ke hana shi kifewa yana kan mutanen da ba a gayyata taro. Ina ganin bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga ba su haɗa tsoho ɗaya da saurayi ɗaya mai wayar da ke nuna taswira a jirgi ɗaya, lokacin da ruwa ya ja, tsohon na nunawa yaron na sa alama, har a fitar da hanyoyin fito a kafa musu tuta ko durom mai yawo. Bai kuma fi ƙarfin masarauta ba ta ce babu wanda zai ɗauki fasinja sai ya zauna a hannun sarkin ruwan yankinsa, an jarraba shi a kan lodi da iska da hanya, an ba shi shaida a rubuce wadda hukuma ta yarda da ita. Ran da sanin ruwa ya samu takarda da ɗan abin sawa a aljihu, samari da kansu za su koma gaban tsofaffi su durƙusa.

Kawu ya rasu, Allah ya gafarta masa, kuma abin da na kwasa a wurinsa bai kai rabin rabin abin da ya tafi da shi ba. Sa'o'insa da suka taka ƙasar nan da ƙafarsu kafin ruwa ya rufe ta sun rage kaɗan. Wanda yake ɗan shekara 12 a 1968, yau yana bakin saba'in. Ina roƙon Majalisar Masarautar Yauri da shugabannin ƙananan hukumomin uku su sa a nemo su ƙauye-ƙauye, daga Shanga har Wara, a fara wannan aiki da su bana.